Kafin a Faɗaɗa Zaure, a Leƙa Cikin Gida

Duk wanda yake birnin Zazzau ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 ba zai manta da la'asar ɗin ranar ba. Ana cikin salla wani ɓangare na rufin babban masallacin ƙofar fada ya rufto a kan masallata, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830. Aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama, wasu da dama suka jikkata. Bayan an share makoki, tambaya ɗaya na riƙa ji a majalisu daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana: in irin wannan ta sake faruwa a cikin ganuwa, ina za a nufa da mutumin da jini ke zuba a jikinsa, kuma zai kai da rai?

Masu tambayar suna da hujja. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, kusa da mu. Amma in rauni ya taɓa kai, ko ƙashin baya, ko ya fasa wani abu a ciki, Shika hankalin kowa ke tafiya. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya kwashe yawancin aikinsa daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, tafiyar ta yi wa mutumin birni tsawo. Sai ka fita ganuwa, ka ratsa Tudun Wada, ka kutsa cunkoson Kwangila, ka wuce Palladan da Zango da Samaru, sannan ka hango ƙofar asibitin. Ga shi Zariya mahaɗa ce. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta bi ta kanmu, ta Funtuwa da Sakkwato daga nan ta ɓalle, tankoki da tireloli ba sa barci, 'yan acaɓa kuma suna saƙa a tsakaninsu. Mun kuma ga ranar 7 ga Yulin 2015, cikin azumi, da bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa ya kashe aƙalla mutum 25. Saboda haka duk mai kiran a ƙara mana wuraren karɓar 'yan hatsari, a ƙarfafa waɗanda ake da su, ina bayansa.

Sai dai akwai abin da nake so mu duba tare, kafin a kira magina. A gininmu na Zazzau, zaure shi ne fuskar gida. Nan ake yin ado, nan baƙo ke sauka. Amma kowane maigida ya san in ya faɗaɗa zaure ya ce kowa ya shigo, to tukunyar cikin gida ce za ta ji a jikinta, da rijiyar, da ɗakunan kwana, da matan da ke tsaye a madafa. Sashen gaggawa a asibiti zaure ne. Mutumin da aka shigo da shi a sume ba a nan zai warke ba. Tsayar masa da jini za a yi, a buɗe masa hanyar numfashi, sannan a miƙa shi ciki. Komai da zai buƙata daga nan, a hannun wani mara lafiya za a karɓo shi, in ba a yi tanadi ba.

Na san haka ne ta kan gwaggona. Shekarun baya maƙoƙo ya matsa mata, har yana hana ta kwanciya rigingine. A wani asibiti da ba zan ambaci sunansa ba aka ba ta ranar aiki. Muka sayi duk abin da aka rubuta, ƙannena biyu suka ba da jini leda biyu aka ajiye da sunanta, aka ce kada ta ci kada ta sha daga sha biyun dare. Gari ya waye, aka sa mata rigar tiyata, muka zauna. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato, sai wata nas ta zo ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Mota ce ta kife da asuba, likitocin suna ciki tun safe. Sai wani mako in Allah Ya kai mu." Da makon ya zagayo aka sake ɗagawa, wannan karon saboda jinin da aka ajiye mata an ƙara wa wani saurayi da ba a san danginsa ba. Sai a karo na uku aka yi aikin.

Ban ga laifin likitocin ba, kuma da ni ne a matsayinsu abin da zan yi ke nan. Wanda zai mutu cikin awa ɗaya shi ke gaban wanda zai iya jira mako. Amma ranar na fahimci cewa kowane ɗan hatsari da aka ceto a asibitin da ba a yi masa tanadi ba, akwai wani da ya biya a ɓoye. Gwaggo ta biya da kwana goma sha huɗu a kan gado, da yunwar wuni biyu, da kuɗin abinci da na motar masu jinya. Ba a rubuta wannan a kowane rahoto ba.

Mu fara da ɗakin tiyata, domin nan abin ya fi ciwo. Mutum ɗaya da tirela ta buge zai iya zuwa da karaya a cinya, da fashewar saifa, da rauni a kai. Yana buƙatar likitan fiɗa, da likitan ƙashi, da mai sa barci, da nas-nas na tiyata, duk a lokaci ɗaya, na tsawon awanni. Wani ma sai an koma da shi sau biyu ko uku ana wanke raunin. In ɗakunan tiyatar da ake da su su ne dai waɗanda ake yi wa masu ƙaba da masu ƙari aiki a ciki, to jerin sunayen da aka shirya tun jiya ya rushe. Mai ƙaba zai iya jira, sai ranar da ƙabar ta shaƙe, shi ma ya zama na gaggawa. Mai ciwon daji kuwa kowane mako da aka ɗaga masa, ciwon ne ke ƙara samun wurin zama.

Daga nan sai gado. Kalmar da ta fi kowace ɗaci a ƙofar asibitocinmu ita ce "babu gado". Mutane suna ɗauka sashen gaggawa ne ya yi ƙanƙanta, alhali sau da yawa a can cikin ɗakunan kwanciya matsalar take. Wanda aka ɗaga wa aiki yana nan kwance, bai tashi ba. Wanda aka gama ceto a sashen gaggawa ba shi da inda za a matsar da shi, sai ya ci gaba da riƙe gadon da aka tanada don wanda za a kawo nan da minti goma. Na ukun in ya iso, sai a duba shi a kan benci ko a cikin motar da ta kawo shi. Karayar cinya kaɗai ta isa misali. In aka sa wa mutum ƙarfe a cikin ƙashin, cikin 'yan kwanaki zai iya tashi da sanda ya koma gida. In babu kuɗin ƙarfen, ko babu ranar tiyata, sai a rataya masa nauyi a ƙafa ya kwanta mako shida, ko takwas, ko fiye. Gadon da mutum ɗaya ya riƙe kwana 56, da masu kwana huɗu-huɗu aka ba shi, da mutum 14 sun kwanta a kai sun tashi. Ƙara gadaje ashirin a zaure ba zai warware wannan ba, in hanyar shiga ciki a toshe take.

Jini kuma shi ne abin da kuɗi kaɗai ba ya samarwa. Tsarin da muka saba shi ne dangi su kawo mai bayarwa kafin a ƙara wa nasu. Wanda aka tsinta a Gwargwaje ko Ɗan Magaji da tsakar dare ba shi da dangi a kusa, wani lokaci ko sunansa ba a sani ba. Jinin da za a sa masa daga firjin asibitin zai fito. Firjin nan kuwa shi ne dai wanda ɗakin haihuwa ke kallo in jini ya ɓalle wa mace bayan ta sauka, shi ne na yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da damina, shi ne na masu sikila da ba su da wata mafita. Jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a manta. Mako biyar zuwa shida kawai yake yi, kuma sai an riƙe shi cikin sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 6 ba, dare da rana. Duk asibitin da ya buɗe ƙofa ga 'yan hatsari bai ninka masu ba da jini don Allah ba, da ran mai naƙuda yake caca.

Sai ma'aikata. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar, kuma waɗanda suka rage a ƙasar ba su wuce kimanin 55,000 ba. A irin wannan hali, in aka buɗe sabon sashe ba a ɗauki sabon hannu ba, daga ina za a samo masu aiki a cikinsa? Za a ciro nas biyu daga ɗakin maza, ɗaya daga na yara, a ce sauran su yi maneji. Likitan da ya kwana a tsaye yana ɗinke hanji shi ne da safe zai zauna ganin mutanen da suka taso tun asuba daga Giwa da Soba da Ikara da Maƙarfi. Gajiya tana sa kuskure, tana sa faɗa, tana sa mutum ya fara neman takardar fita ƙasar waje. Mu kuma a waje sai mu ce ma'aikatan asibiti ba su da tausayi, ba mu san tun yaushe rabonsu da barci ba.

Maganar kuɗi doka ta riga ta yi ta, kuma ta yi daidai. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Wata dokar ta 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar 2014 ɗin ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Amma ruwan da aka ɗaura wa wanda ba a san danginsa ba, da safar hannu, da zaren ɗinki, da hoton ƙashi, duk an saye su da kuɗi. In ba a mayar wa asibiti kuɗin a kan kari ba, daga asusun juya kuɗin magani ake cirewa, sai asusun ya rame. Ranar da tsohon da ke karɓar maganin hawan jini ya je tagar magani aka ce masa ya je waje ya saya, to wani ɓangare na bashin ɗan hatsarin nan yake biya bai sani ba. Ga kuma wuta. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki ga masu rukunin farko daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, manyan asibitocin ƙasar nan suka yi ta kuka. Sashen gaggawa kuwa ba ya yarda a kashe janareta da sha biyun dare.

Mai karatu zai iya cewa, to Malam, ke nan a bar abin? Ko kusa. Ai tsoron fara bai hana shuka ba. Abin da ya sa nake matsa wa maganar shi ne, in aka yi abin yadda ya kamata, babu sashen da ke ɗaga asibiti gaba ɗaya kamar wannan. Ɗakin tiyatar da aka tanada don ɗan hatsarin ƙarfe biyun dare shi ne zai ceci matar da haihuwa ta gardame mata a daidai wannan lokaci. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ke aiki dare da rana saboda masu rauni a kai ita ce za ta duba dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye bayan sallar isha'i. Iskar oksijin da aka ja ta bututu za ta kai ɗakin yara masu ciwon haƙarƙari. Akwai ma wata allura mai araha mai suna tiranekzamik. A 2010 aka tabbatar, bayan gwaji a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, cewa tana rage mutuwar masu rauni da ke zubar da jini, daga baya kuma aka gano ta fi aiki in aka yi ta cikin awa uku. A 2017 wani gwajin, wanda asibitocin Nijeriya suka taka rawa sosai a cikinsa, ya nuna tana ceton mata masu zubar da jini bayan haihuwa. Alherin da aka fara a kan ɗan hatsari ya gangaro har ɗakin haihuwa.

Waɗanda suka riga mu bin wannan hanya darasinsu ɗaya ne, wato tsari ya fi gini. A 2012 Ingila ta sake fasalin kula da masu munanan raunuka. Aka zaɓi wasu manyan asibitoci aka ce nan za a kai mai rauni mafi muni ko da an wuce wani asibitin a hanya, ƙananan kuma su karɓi masu sauƙi, su kuma karɓi wanda ya fara murmurewa domin a sauke wa manyan nauyi. Binciken da aka fitar a 2018 ya nuna damar tsirar masu mummunan rauni ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin 100. Kusa da mu kuma akwai Kumasi ta ƙasar Gana. Wani bincike na 1998 ya gano cewa cikin masu mummunan rauni, 63 cikin 100 ke mutuwa a Kumasi, alhali 35 ne a birnin Siyatil na Amurka, kuma yawancin bambancin tun kafin a kai asibiti yake faruwa. Da suka ga haka, sai aka koya wa direbobin haya 335 agajin farko: yadda ake danne jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma, yadda ake ɗaure karaya da abin da ke hannu.

Zariya tana da abin da za ta gina irin wannan tsari a kai. Muna da Shika, muna da Gambo Sawaba, muna da tsohon asibitin mishan na Wusasa, muna da na Sabon Gari. Abin da nake roƙon Gwamna Uba Sani, da Kakakin Majalisar Wakilai Abbas Tajuddin wanda mazaɓar Zariya yake wakilta, shi ne duk kuɗin da za a ware wa sashen gaggawa a rubuta shi tare da abin da ke bayansa: ɗakin tiyata na musamman da ba ya taɓa jerin masu jiran aiki, ma'aikatansa na kansa, firjin jini mai wutar sola, ƙarafan ƙashi ga wanda ba shi da hali, da gadajen da za a matsar da mutum in ya farfaɗo. A zauna a raba aiki a rubuce. Yanka da gocewar ƙashi da karaya mai sauƙi su ƙare a asibitocin cikin gari. Mai rauni a kai ko a ciki a tsayar masa da jini, a buga waya Shika a ce ga shi nan tafe, a ɗauke shi a motar asibiti da ma'aikaci a gefensa. Wanda ya murmure a Shika a dawo da shi kusa da gida ya ƙarasa jinya. A ƙofar kowane sashe kuma a ajiye nas mai tantance wa zai fara shiga, kuma mu jama'a mu yarda cewa a nan wurin jini ne ke ba da layi, ba sanayya ko babbar riga ba.

Mu ma akwai namu kason. Ina kira ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, da limamanmu da fastocinmu, da a mai da ba da jini sadaka ta yau da kullum. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Da kowace unguwa a cikin birni za ta riƙe sunayen samari ashirin da rukunin jininsu, da ba a sake taɓa ledar wata gwaggo ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da masu Keke da direbobin tasha su nemi a koya wa 'ya'yansu agajin farko, domin su ne ke fara isa wurin hatsari kafin jami'an kiyaye haɗurra. Masu ɗorin gargajiya kuma, waɗanda jama'a ke girmamawa tun kaka da kakanni, a jawo su a jiki a nuna musu karayar da ba tasu ba ce. Ƙashin da ya huda fata, ko ƙafar da ta yi sanyi ta canza launi bayan ɗauri, na asibiti ne a ranar. In ta kwana uku, sau da yawa yankewa ake yi, kuma mai ita zai riƙe gado wata guda.

Abu na ƙarshe, a canza ma'aunin da ake auna nasara da shi. Ranar buɗe gini ana ƙirga gadaje da na'urori, a yi hoto. Ni abin da nake so hukumomin asibitocinmu su riƙa faɗa wa jama'a duk wata uku shi ne, mutum nawa aka ɗaga wa aiki, sau nawa, kuma saboda me. Awa nawa mutum ke yi a sashen gaggawa kafin ya samu gado a ciki. Sau nawa aka nemi jini a ɗakin haihuwa aka rasa. In waɗannan alƙaluman suna raguwa, to sashen gaggawa yana yi wa asibitin amfani. In suna hauhawa, mutuwa kawai muka kora daga bakin ƙofa ta koma ɗakunan ciki.

Ranar da aka ɗaga wa Gwaggo aiki karo na biyu, na hasala, na miƙe zan je in yi magana. Ta kama bakin rigata ta ce, "Zauna, ɗan nan. Yaron da aka sa wa jinin shi ma uwa ce ta haife shi." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka tambayar mini su, ba za a iya tanadar na mutum biyu ba?" Ban samu amsa a ranar ba. Tambayar tata ce na kawo wa masu iko a wannan makon, kuma ina fata duk wanda aka gayyata yanke ƙyallen sabon sashen gaggawa a ƙasar Zazzau, kafin ya ɗauki almakashi, ya ce a fara zagayawa da shi ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini.